ZAMA KUSA DA RIJIYAR MAN FETUR: ABIN DA YA SAMI MUTANEN BIRNIN LOS ANJALIS

Man fetur babbar dukiya ce. Da shi mota da jirgin sama da injin ban ruwa su ke aiki, ƙasar da Allah ya ba ta shi kuwa takan sami kuɗin gina hanyoyi da makarantu da asibitoci. Amma rijiyar da a ke jawo shi daga cikinta ba maƙwabciyar kirki ba ce. An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa jama'a irin cutar da ke samun mutanen da gidajensu ke dab da rijiyoyin mai da na iskar gas, da hanyar da cutar ke bi ta shiga jiki, da kuma abin da ke tsare mutane daga gare ta. Za a kafa misali da birnin Los Anjalis na Jihar Kalifoniya, a ƙasar Amurka, domin birni ne da aka gina a kan mai, likitoci kuwa sun yi shekaru suna auna lafiyar mutanensa.

Yadda Rijiyoyi Suka Shiga Cikin Gari

Cikin 1890 mutanen Los Anjalis ba su wuce 50,000 da kaɗan ba. Cikin 1892 wani mai neman ma'adinai, Edward Doheny, ya fara haƙa rijiya kusa da tsakiyar garin, ya kuwa dace da mai. Da labari ya bazu sai kowa ya zabura. Wanda ke da ɗan fili a bayan gida ya kafa hasumiyar haƙa, wanda ba shi da jari ya ba da filinsa haya. Kafin 'yan shekaru, ɗaruruwan rijiyoyi sun tsaya a tsakanin gidajen kwana.

Daga baya aka yi ta samun manyan filayen mai kewaye da garin: na Signal Hill cikin 1921, na Inglewood cikin 1924, na Wilmington cikin 1932. Cikin 1923 Jihar Kalifoniya kaɗai ta fitar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na dukan man da aka haƙa a duniya. Kuɗin mai ya jawo mutane, mutane suka bukaci wurin zama, sai aka yi ta yanka filaye a gefen rijiyoyin. Watau abin ya zo ta fuska biyu: a wani wuri rijiya ce ta tarar da gida, a wani wuri kuwa gida ne ya tarar da rijiya. Yau mutanen birnin sun kusa miliyan 4, rijiyoyi da yawa kuwa suna nan a tsakaninsu, waɗansu suna aiki, waɗansu an bar su.

Baƙo yana iya wuce rijiya bai sani ba, domin an ɓoye waɗansu a bayan dogayen katangu, waɗansu an yi musu gini kamar ofis. Akwai wata hasumiyar haƙa da ta daɗe a filin makarantar sakandare ta Beverly Hills, an lulluɓe ta, an yi mata zanen furanni, ba ta daina aiki ba sai cikin 2017. Katanga tana tsare ido, amma ba ta tsare iska.

Abin Da Ke Fitowa Tare Da Mai

Mutane da yawa suna tsammani mai kaɗai ke fitowa daga rijiya. Alhali kuwa a tsofaffin rijiyoyi irin na Los Anjalis mafi yawan abin da famfo ke jawowa ruwan gishiri ne, gauraye da mai da iskar gas. Sai an rarrabe su a tankuna, a wajen rarrabawar nan kuwa, da wajen mahaɗin bututu da murfin tanki, iska iri iri takan sulale ta bi gari. Huɗu daga cikin abubuwan da ke fita sun isa a san su.

Na ɗaya shi ne benzin. Yana cikin ɗanyen mai, yana da saurin tashi ya bi iska. Idan an shaƙe shi yakan ratsa huhu ya shiga jini, ya isa ɓargo, inda jiki ke ƙera sabon jini. Shaƙarsa shekara da shekaru tana lalata ɓargo, tana kuma kawo ciwon dajin jini. Hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin abubuwan da aka tabbata suna kawo wa ɗan Adam wannan ciwo.

Na biyu iska ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda masana ke kira haidirojin salfaid. Kaɗan daga cikinta yana sa ciwon kai da tashin zuciya da zafin ido. Makircinta shi ne, idan ta yi yawa ƙwarai takan kashe jin wari, sai mutum ya zaci ta wuce, alhali a lokacin ne ta fi haɗari. Ta fi iskar da a ke shaƙa nauyi, saboda haka takan taru a kwari da rami da ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Na uku ita ce metan, wadda ita ce mafi yawan iskar gas. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta taru a rufaffen wuri har ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wurin, ƙyastun ashana ɗaya ya isa ta fashe.

Na huɗu shi ne hayaƙin man dizal daga manyan injuna da motocin ɗaukar kaya masu shiga da fita. Cikin hayaƙin nan akwai baƙin gari mai laushi ƙwarai wanda ido ba ya gani, yana shiga can cikin huhu. Cikin 2012 hukumar nan ta binciken ciwon daji ta tabbatar da cewa hayaƙin dizal yana kawo ciwon dajin huhu.

Ban da waɗannan, akan kawo motoci cike da ruwan asid mai cin ƙarfe, ɗan'uwan ruwan batir, a ɗura cikin rijiya don a wanke ta. Akwai kuma ƙarar injuna da hasken fitilu dare da rana sa'ad da a ke haƙa. Rashin barci na tsawon watanni shi ma cuta ne, yana tayar da hankali, yana taimakon hawan jini.

Labarin Wata Unguwa

A kudancin birnin akwai unguwar University Park, mazaunanta yawanci talakawa ne 'yan ƙwadago. A tsakiyarta akwai wurin jan mai na kamfanin AllenCo, tsakaninsa da waɗansu gidaje bai wuce faɗin titi ba. Wajen 2010 aka ƙara yawan man da a ke ja a wurin. Ba a daɗe ba mutane suka fara kukan wari, da ciwon kai, da jiri, da tashin fuka. Yara suka riƙa haɓo da dare har matashin kai ya jiƙe. Cikin shekara uku mutanen unguwar sun kai ƙara gaban hukumar kula da tsabtar iska fiye da sau 250, ba a rufe wurin ba.

Cikin 2013 jami'an hukumar kula da muhalli ta Gwamnatin Tarayyar Amurka suka zo dubawa da kansu. Da shigarsu sai tari da zafin maƙogwaro da ciwon kai suka kama su. A watan Nuwamba na shekarar nan aka tsayar da aiki, cikin 2020 kuma hukumar Jiha ta ba da umurni a toshe rijiyoyin. Cikin waɗanda suka yi ta bin gida gida suna tattara bayani akwai wata yarinya, Nalleli Cobo, wadda ta fara tun tana da shekara tara. Cikin 2022 aka ba ta lambar girma ta Goldman, wadda a ke ba masu kare muhalli.

Abin lura a nan shi ne, rubutun da mutanen unguwar suka riƙa ajiyewa, na rana da sa'a da irin wari da wanda ya kamu, shi ne ya zama hujjarsu.

Abin Da Likitoci Suka Auna

Kuka daban, awo daban. Saboda haka masu bincike na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, da shugabancin Jill Johnston, suka auna ƙarfin huhun mutum kusan 1,000 a unguwanni biyu masu rijiyoyi, suka buga sakamako cikin 2021. Ana ba mutum wani ɗan bututu ya hura da iyakar ƙarfinsa, na'ura ta nuna yawan iskar da huhunsa ke iya fitarwa. Aka ga waɗanda suka fi kusa da rijiya, da waɗanda iska ke kaɗawa daga rijiya zuwa gidajensu, ƙarfin huhunsu ya gaza na sauran. Ragin ya yi kama da na mutumin da ke zaune da mai shan taba kullum, ko wanda gidansa ke bakin babbar hanyar mota.

Game da masu ciki, an duba takardun haihuwa kusan miliyan 3 na Jihar Kalifoniya, daga 2006 zuwa 2015, aka buga cikin 2020. A karkara, matan da ke zaune cikin kilomita ɗaya daga rijiyoyi masu yawan fitar da mai sun fi sauran mata haihuwar jarirai marasa nauyi da wajen kashi 40 cikin 100. A cikin birane ma an ga bambanci, sai dai bai kai haka ba. A wannan shekara kuma masana na Jami'ar Stanford suka duba haihuwa wajen 225,000 a kwarin San Joaquin, suka ga haihuwar bakwaini ta fi yawa ga matan da ke kusa da rijiyoyi. A kudancin Jihar Teksas, inda a ke ƙona iskar gas a sarari, an ga matan da aka kunna wutar nan sau 10 ko fiye cikin kilomita 5 daga gidajensu sa'ad da su ke da ciki sun fi sauran haihuwar bakwaini da wajen rabi.

Jaririn da aka haifa kafin lokaci, ko aka haife shi ba nauyi, ya fi saurin kamuwa da cuta, wahalar kuwa takan bi shi har girma. Shi ya sa likitoci suka fi damuwa da wannan sashe.

Game da ciwon daji, masana na Jami'ar Yale sun buga cikin 2022 cewa a Jihar Pensilbaniya yaran da ke zaune kusa da rijiyoyin gas na zamani, irin waɗanda a ke fasa dutse da ruwa mai ƙarfi, sun fi sauran yara kamuwa da wani irin ciwon dajin jini sau biyu zuwa uku. Wannan ciwo ba shi da yawa a cikin yara, ko an ninka shi ma yawancin yara ba za su kamu ba. Duk da haka gidan da ya faɗa wa ya san nauyinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka duk wanda ke kusa da rijiya lalle ne ya yi ciwo. Abin da awo ya nuna shi ne, idan aka jera unguwa mai kusa da unguwa mai nisa, masu ciwo sun fi yawa a ta kusa, kuma gwargwadon matsowa gwargwadon ƙaruwar haɗari. Yara da tsofaffi da masu ciki da masu fuka su ne kan gaba wajen shan wahala. Yaro yana shaƙar iska fiye da babba in an gwada da nauyin jikinsa, huhunsa kuwa bai gama ƙosawa ba.

Har wa yau wahalar ba ta rabu daidai ba. Wani bincike na 2022 ya nuna cewa a biranen Amurka, unguwannin da hukuma ta yi wa jan layi wajen 1930 zuwa 1940, watau aka ce ba su cancanci rancen gina gida ba, yawancinsu kuwa na baƙar fata da baƙi ne, sun tara rijiyoyi kusan ninki biyu na unguwannin da aka yi wa shaidar kyau. A unguwar masu hali akan rufe rijiya da gini, a sa mata injin lantarki mara ƙara. A unguwar talakawa sau da yawa shingen waya kaɗai ke tsakani.

Tsohuwar Rijiya Ba Ta Mutu Ba

Rijiyar da aka daina ja ba ta rabu da haɗari ba sai an toshe ta da siminti yadda ya kamata. Na farko farko da yawa an cushe su ne da itace da tarkace, aka yi gini a kansu, aka manta. Ran 24 ga Maris 1985 iskar metan ta taru a ƙarƙashin wani kantin tufafi a unguwar Fairfax, wadda ke kan tsohon filin mai, ta fashe, mutum 23 suka ji rauni, wuta ta yi kwanaki tana fitowa ta tsagar daɓen titi. An kuma fara gina wata babbar makaranta, Belmont, a kan filin mai na farko, sai aka gane akwai metan da iskar nan mai warin ƙwai a ƙarƙashinta. Aka tsayar da aiki, ba a buɗe ta ba sai cikin 2008, bayan an kashe kuɗi masu yawa wajen sa bututan fitar da iska.

Ƙasa ma takan motsa. A Wilmington, saboda yawan man da aka zuƙe, ƙasa ta nutse har wajen ƙafa 29 a wani wuri, sai da aka riƙa ɗura ruwa don a tsayar da ita. Ran 14 ga Disamba 1963 madatsar ruwan Baldwin Hills, wadda ke gefen filin mai na Inglewood, ta ɓalle, mutum 5 suka rasu, gidaje da yawa suka rushe. Masana da suka bincika daga baya sun danganta tsagewar ƙasan madatsar da aikin mai na kusa.

Mafi girma a kwanan baya shi ne na Aliso Canyon, wani tsohon filin mai da aka mayar rumbun ajiye gas. Ran 23 ga Oktoba 2015 wata rijiya da aka haƙa tun 1953 ta tsage, ba a iya toshe ta ba sai Fabrairu 2016. Wajen tan 100,000 na metan suka fita. Mutanen unguwar Porter Ranch suka yi ta fama da haɓo da ciwon kai da amai, dubban iyalai suka bar gidajensu na watanni, aka kwashe ɗaliban makarantu biyu zuwa wani wuri.

Maganin Da Aka Samu: Tazara

Gwamnatin Kalifoniya ta naɗa kwamitin masana lafiya su duba dukan binciken da aka yi. Cikin 2021 suka ba da amsa cewa sun tabbata ƙwarai zama cikin kilomita ɗaya daga rijiya yana kawo cutar numfashi da matsalar haihuwa. A watan Satumba 2022 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta hana haƙa sabuwar rijiya cikin ƙafa 3,200, watau kusan kilomita ɗaya, daga gidan kwana ko makaranta ko asibiti. Rijiyoyin da dama su ke cikin wannan tazara an ɗora musu sharuɗɗan gano yoyo da rage ƙara da ƙura. Kamfanonin mai suka nemi a kai dokar gaban masu jefa ƙuri'a, aka jingine ta, sa'an nan cikin Yuni 2024 suka janye, doka ta fara aiki. Jihar Kolorado ta riga ta sa tazarar ƙafa 2,000 tun 2020.

Majalisar birnin Los Anjalis ta zartar cikin Disamba 2022 cewa ba sauran sabuwar rijiya, tsofaffin kuma a rufe su cikin shekara 20. Kotu ta soke wannan cikin 2024, a kan cewa ikon na Jiha ne, sai Majalisar Jiha ta yi sabuwar doka a shekarar nan ta ba garuruwa ikon.

A lura da lissafi. Daga rijiyar Doheny zuwa dokar tazara shekara 130 ne cif. Da an bar fili tun farko, da abin bai ci kuɗi ba. Yanzu kuwa mutum fiye da miliyan 2 ke zaune cikin wannan tazara a Kalifoniya, ba a iya tashinsu, ba a kuma iya rufe rijiyoyin rana ɗaya.

Abin Da Ya Shafi Nijeriya Da Nijar

Wannan magana ba ta Amurka kaɗai ba ce. An sami mai a Oloibiri cikin 1956. Cikin 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga rahotonta a kan ƙasar Ogoni, ta ce a Nisisioken Ogale, kusa da Fatakwal, mutane suna shan ruwan rijiya mai benzin fiye da ninki 900 na iyakar da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa. Wani bincike na 2019 ya nuna cewa idan mai ya malala cikin kilomita 10 daga gidan mace kafin ta ɗauki ciki, haɗarin mutuwar jaririnta cikin watan farko yakan ninka.

A Arewa kuwa, cikin Nuwamba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. A Nijar ana jan mai a Agadem tun 2011, ana tace shi kusa da Damagaram. Waɗannan wurare ba birane ba ne tukuna. Amma inda aiki ya sauka, nan masu abinci da masu tireda da masu neman ƙwadago ke sauka, rumfa ta zama shago, shago ya zama gida. Los Anjalis ma ƙaramin gari ne sa'ad da aka fara. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Ga hukumomi da hakimai da dagatai: a shata fili tsakanin rijiya da gidaje tun kafin a kafa hasumiya, a kuma hana yanka filin gida ko makaranta ko kasuwa a cikinsa bayan an kafa. A auna ruwan rijiyoyin sha kafin a fara haƙa, a ajiye takardar, domin ranar gardama. A rubuta wurin kowace rijiyar mai a taswira, a tabbata an toshe ta da siminti sa'ad da aka gama da ita.

Ga mai gida: idan aka ji wari, a rubuta rana da sa'a da inda iska ta fito da wanda ya kamu, a kai wa mai unguwa da ma'aikatan lafiya. Idan warin ruɓaɓɓen ƙwai ya yi ƙarfi, a fita a nufi tudu, a kauce wa hanyar iska, kada a shiga rami ko kwari. Inda aka ga ƙasa ko ruwa na tsattsafo da kumfar gas, kada a ƙyasta ashana. Ruwan da ke warin fetur ko ke da maiƙo a kansa kada a sha, kada a dafa abinci da shi; tafasawa ba ta gyara shi, sai ma ta tayar da gubar ta cika ɗaki. A hana yara wasa a bakin ramin zubar da ruwan haƙa, a hana dabbobi sha. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, duk wanda ya je asibiti kuma ya gaya wa likita cewa gidansa yana kusa da rijiyar mai.

Mai yana ƙarewa, kamfani yana tashi, amma jama'a da 'ya'yansu suna nan a wurin. Tazarar da aka bari yau ita ce lafiyar waɗanda ba a haifa ba tukuna. Rigakafi ya fi magani.